Kalma Ɗaya Daga Bakin Likita Angulo

Doña Herminia ta ture takardar sulhun da bayan hannu, yadda take ture ruɓaɓɓen kifi a kasuwar Buenaventura.

"Uwata, ki karɓa tun ana ba ki," in ji lauyan kamfanin.

"Ban haife ka ba. Tun kana cikin zanen goyo nake ciniki da masunta. Kai ne za ka taya mini 'ya a farashin kifin jiya?"

Lauyan ya yi murmushi. Bai musanta cewa ƙwayar hana ɗaukar ciki ta kamfaninsu ce 'yarta Marelvis ta sha ba, har jini ya daskare mata a ka, rabin jiki ya shanye. Cewa ya yi sun sauke nauyin da doka ta ɗora musu: sun gargaɗi likita, likita ce ya kamata ta gargaɗi mai sha.

"Likita Angulo ce ta rubuta maganin, ko? To, ta zo gaban alƙali ta ce ba mu faɗa mata ba. In ba ta faɗa ba, ranar Litinin a rufe shari'a."

Herminia ta san ƙarya yake. Da idonta ta taɓa ganin wakilin kamfanin a asibitin unguwa, yana raba biro da kalanda, yana ta zuba kamar mai tallan sabulu, bai ko ambaci jini ba. Amma wa zai saurari mai sayar da kifi, wadda da ƙyar take zana sunanta?

Teku ya cinye mijinta tuntuni. Bayanta ya fara ƙin ɗaukar Marelvis zuwa banɗaki. Ranar da ita ma ta kwanta, wa zai juya yarinyar nan a gado? Abin da suka taya ba zai riƙe mai jinya ba ko na damina ɗaya.

Ta zaɓi kifi mafi tsoka, wanda da ta sayar da tsada, ta yi miyar kwakwa, ta soya ayaba. Ta ɗauki kwanon, ta shiga wurin likitar ba ƙwanƙwasawa.

Likita Angulo tana zaune bakin taga tana kallon ruwan sama, takardar shaidar karatunta rataye a bango. Ba ta waiwayo ba.

"Likita, kalma ɗaya suke nema. A tambaye ki ko sun gaya miki, ki ce a'a. Shi ke nan."

Likitar ta ci gaba da kallon ruwan.

Herminia, wadda ko ranar makokin mijinta ba a ga gwiwarta a ƙasa ba, ta durƙusa.

"Kin san ba su faɗa ba! Da sun faɗa, ke da hannunki za ki rubuta wa kanki? Duk karatun nan, a'a kawai ta gagare ki? Don Allah, Likita. Litinin fa!"

Leɓen likitar ya motsa, ya yi rawa, ya karkace gefe.

Yawu ne kawai ya zubo.

Ta miƙe, ta share shi da gefen zanenta, ta ɗebo miya a cokali ta hura. "Bar shi, Marelvis, bar shi, 'yata. Buɗe baki ki sha, gobe ma sake gwadawa."