Awarwaron Inna Tasalla

Tun da aka ɗaura wa kowa awarwaro mai nuna ko ƙwaron da ke barci a ƙwaƙwalwa ya farka, mutanen gari suka koyi magana ƙasa-ƙasa. Ban da Inna Tasalla.

Da hantsi ta isa gidan bincike, inda aka tsare ɗanta Tanko mahauci wata bakwai ke nan.

"Lafiyarsa ƙalau kuka ɗauke shi," ta ce wa ma'aikaciyar da ke bakin taga. "Ku kuka tayar masa da abin don ku ga yadda yake tashi. Yanzu an ce ko sunan matarsa bai sani ba. Ku ba ni ɗana!"

"Iya, ai da kansa ya dangwala yatsa. Ki sassauta murya, don Allah. Fushi na cikin alamomin."

"Alamomin uban wa? Ke in aka kwashe wa ɗanki hankali, guɗa za ki yi?"

Ma'aikaciyar ba ta dubi fuskarta ba, wuyan hannunta take kallo. Koren da ke jikin awarwaron ya fara komawa ja. Tasalla ma ta gani, sai ta ƙara ɗaga murya da gayya, har masu fararen riguna biyu suka fito. Ta miƙa musu hannu da kanta.

"Madalla. Ku kai ni inda yake, ko wanka ne na riƙa yi masa."

Ma'aikaciyar ta buga hatimi a takarda.

"Sashen mata yana wani gari, Iya."