Hannun Baba a Aljihu

Ina da shekara takwas, wata la'asar a gidanmu na unguwar Hajara cikin birnin Sabha, inda muke zaune a matsayin baƙi, Baba ya sa mana kaset ɗin fim ɗin yaƙi. A fim ɗin gari ya ƙone ƙurmus, sojoji masu rufaffun fuskoki suna jera mutane. Wanda ba shi da takarda sai su jefa shi mota, 'ya'yansa na kuka.

Na ƙanƙame rigarsa. "Baba, Sabha ce wannan?"

"Wasa ne, ɗiyata. Nan an ce duk ɗan Afirka ɗan gida ne."

Amma yana faɗa yana lalubar aljihunsa, inda takardar zamanmu take.

Ranar na fara sanin Baba ma yana jin tsoro.