Ram ɗin da Ya Fi Ƙarfin Gurbinsa

Ga misali nan, ka riƙe. Wani mutum ne mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, da tsohuwar kwamfutarsa ta kan tebur wadda suka tsufa tare. Wata makaranta ce ke ba shi bugun takardun jarrabawa, kuma wannan aikin shi ne rufin asirinsa. Ana saura kwana kaɗan jarrabawa sai kwamfutar ta fara nawa. Ya danna, ta yi shiru kamar mai nazari. Shugaban makarantar ya riga ya ce masa in ba zai iya ba, akwai sabon shago a gaba. Aka ce masa ba wani ciwo ba ne, ram ne ya yi mata kaɗan, wato ɗan siririn allon nan mai haƙoran zinariya da take riƙe aiki da shi. Bai tsaya ba sai wurin masu sayar da kayan kwamfuta. Mai kaya ya ce, "Alhaji, wane iri take ɗauka? Da ka zo da tsohon mu gwada." Gogan naka ya ce shi ba tsohon yayi ya zo saye ba, a ba shi sabon fitowa, wanda ya fi kowanne gudu. Ɗan kasuwa kuwa ba ya rantsuwa a kan kuɗin wani, ya miƙa masa.

Ya koma shago, ya kwance murfin kwamfutar, ya zare tsohon ram ya ɗora sabon. To, kowane ram yana da ɗan giɓi a tsakanin haƙoransa, kamar wushirya, gurbin da ake sa shi a ciki kuma yana da ɗan tudu da ke shiga giɓin. Giɓin sabon ya kauce wa tudun, bai fi faɗin ƙwayar gero ba. Ya juya shi, bai zauna ba. Gumi ya karyo masa, ya leƙa waje ko ɗan aiken makaranta ya taho karɓar takardun. Mai hankali da nan zai tsaya, amma tsoro ba ya barin mutum ya ga abin da ke gabansa. Ya ce a ransa ai sabon takalmi ma sai an matsa. Ya sa manyan yatsu biyu ya danna da ƙarfin tuwo, sai ya ji ƙas! Ya kunna duk da haka. Fankar cikinta ta juya ta tsaya, ƙaurin ƙonewa ya tashi, allo ya yi baƙi ƙirin. Ya mayar da tsohon ram ɗin yana salati, amma gurbin ya riga ya dare. Kwamfutar da ke tafiyar hawainiya da safe, yanzu ko tafiyar babu. Yana zaune riƙe da sabon ram ɗinsa, ɗan aiken ya yi sallama.

Ba a banza Hausawa suka ce ba: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.