Tagar Magani

Karo na biyu ke nan a wata guda ana dawo da magani tagar Malam Shamsuddeen. Wata mata ce ta zo da ciwon kunne, ya miƙa mata maganin tsutsar ciki.

Hajiya Naja'atu, shugabar ƙaramin asibitin da ke wani ƙauye a gefen Nasarawan Doya, ta karɓi ledar da hannunta, ta ba matar haƙuri, ta canja mata. Ma'aikata kowa ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya yarda ya haɗa ido da Hajiya.

Malam Shamsuddeen ya fi kowa daɗewa a wurin. A da ko ido rufe ya miƙa hannu kan kanta, ƙwayar da ake nema zai ɗauko. Bana abin ya soma. Makulli yana hannunsa zai yi ta nemansa. Zai idar da la'asar, ya sake ɗaura alwala ya ce bai yi ba.

Hajiya Naja'atu ta yi suna wajen warware matsala. Ita ta sasanta ungozomomin gari da ma'aikatan jinya bayan sun daɗe ba sa ga maciji. Don haka ta fara da dabara. Ta sa aka raba magunguna a kwanduna, na yara a ja, na manya a shuɗi. Ba a jima ba ya gauraya su. Ta sa Zulaihatu, ma'aikaciyar jinya, ta riƙa duba kowace leda kafin ta bar taga. Wata Asabar kuma ta kai shi Zariya da kanta. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ana iya rage masa gudu amma ba a tsayar da shi. Ta riƙe maganar a cikinta.

Ranar kasuwa asibiti ya cika, aka kira Zulaihatu ɗakin haihuwa. Wani manomi ya kawo 'yarsa da zazzaɓi, Malam ya ba shi maganin hawan jini. Kafin azahar an dawo da yarinyar a saɓe, jiki ya saki. Aka garzaya da ita babban asibitin Makarfi. Allah ya sa da sauran kwananta.

Washegari Zulaihatu ta same ta a ofis.

"Hajiya, mu dai ba za mu iya faɗa masa ba. In ke ma ya yi miki nauyi, a bar wa na sama su yi."

"A'a," in ji Hajiya. "Gara ya ji daga bakina."

Ta aika ya zo. Ya yi sallama, ya tsaya hannu a baya har sai da ta ce ya zauna.

"Malam, daga yau ka huta da taga."

"Na yi wani laifi ne, Shugaba?"

Ta dube shi. Babu yarinyar a ransa, babu manomin, babu komai na jiya.

"Ba ka yi ba. Gajiya ce kawai."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya cire farar rigar aikinsa, ya ninke ta a hankali, ya ɗora makullin a kai.

"Allah ya sa wanda zai zo ya fi ni kula da mutane."

Ta sa aka kai shi gida a babur. Ta kulle ofis, ta kifa kai a tebur, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Da yamma ta koma gida, ta same shi zaune a tabarma a tsakar gidansu, yana kallon kaji. Ta durƙusa a gefensa ta gaishe shi. Ya miƙe da sauri yana gyara hula.

"Shugaba, ke da kanki? Ai da kin aiko na zo. Zauna, bari maiɗakina ta kawo miki ruwa."

Ya juya wajen ƙofar ɗaki, ya ɗaga murya.

"Naja'atu! Fito mana, mun yi baƙuwa."