Tsohon Injiniyan da Ya Amsa Saƙo

Saƙo talatin da biyu Marit Hoekstra ta tura a shafin intanet na sada ma'aikata cikin mako guda, kowanne da roƙo iri ɗaya: ko za a ba ta minti ashirin a sha kofi tare? Da kofi ake buɗe kowace ƙofa a birnin Rotterdam. Mutum ɗaya ne ya amsa.

Sunansa Wiebe Terpstra, tsohon injiniya mai furfura, wanda ya shekara talatin yana aikin ƙofofin da ke tare ruwan teku. Ita kuwa ba ta daɗe da gama jami'a ba, tana watannin gwaji a wani kamfani mai kula da irin waɗannan ƙofofi, kanta cike da dabaru, babu mai saurare. Wiebe ya saurara. Abokan aikinta goma sha ɗaya suna cikin jerin mutanensa, to me za ta tsorata?

Ya ce gwiwarsa na damunsa, maganar haɗuwa sai nan gaba. Ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama, don ita dama ba ta son kofi. Ta gaya masa cewa a ofis tana kurɓa ne kawai kada a ce ta fita daban, amma shayin ɗanyen na'a-na'a da zuma take so. Sirrin da ba wanda ya sani a wurin aiki ke nan. Ya aiko mata da fuskar dariya.

Kullum a hutun cin abincin rana saƙonsa ke shigowa.

Bayan makonni, wata Talata ta bayyana masa dabararta ta rufe ƙofofin cikin rabin lokaci. Ya yaba ƙwarai, ya ce amma sai ya ga zanen na'urorin sarrafawa kafin ya kai ta gaban manya. Ta san doka. Tun ranar farko Ruud Bakema, shugaban tsaron kamfanin, ya gargaɗe su cewa duk takardar da aka sauke daga kwamfutar kamfani, na'ura tana rubuta sunan wanda ya sauke ta, har shi kansa bai tsira ba. Duk da haka ta sauke zanen, ta tura wa Wiebe.

Laraba, shiru. Alhamis, shiru.

Ranar Juma'a suna cin burodi da cuku, ta ambaci sunan Wiebe a gaban Hennie, dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a sashen. Hennie ta ajiye burodinta.

"Wiebe? Ke yarinya, ni da kaina na kai furanni jana'izarsa. Shekara uku ke nan."

Marit ta miƙe tsaye. Ta leƙa ta taga, ta hango unguwannin da ke kwance ƙasa da teku, har da layin mahaifiyarta. Zanen abin da ke tsare su yana hannun wanda ba ta sani ba, kuma sunanta ne a rubuce.

Ta hau bene zuwa ofishin Ruud. Ya rufe ƙofa, ya saurare ta har ƙarshe, ko gira bai ɗaga ba. Ya tambaye ta wa ta nuna wa saƙonnin. Ta ce babu kowa. Ko ta ajiye hotonsu a wani wuri? A'a.

Sai ya sassauta murya. Ya ce kuskure ne na ƙuruciya, zai san yadda zai rufa mata asiri. Amma idan hukumar kamfani ta ga hirar nan, kora ce, 'yan sanda kuma na biye.

"Goge duka, Marit. Yanzu, a gabana."

Ta goge. Saƙo bayan saƙo, mako shida na hira, har shafin ya koma fari fat. Babu sauran shaidar cewa wani ya taɓa roƙonta komai. Ta yi ta godiya har bakinta na harɗewa.

Ya ce ta zauna ta huce, bari ya kawo mata abin sha. Ta ji takunsa ya wuce injin kofi bai tsaya ba.

Da ya dawo, ya ajiye mata gilashi mai tururi a gabanta: ɗanyen na'a-na'a, da zuma a gefe.