Mudun Bayahude

Dattijon ikilisiya ya fi kowa dariya a wasan kwaikwayon Ista, sa'ad da ɗansa ya fito a matsayin Bayahude mai sayar da acca, yana auna wa gwauruwa da mudu mai lotsattsen gindi.

"Haka Yahudawa suke!" ya ce wa matarsa. "Amma ina ya koyo halinsu? Ai babu su a Kafanchan."

"Duba mudun da kyau, Baban yara."

Ya duba. Na shagonsa ne, shi da kansa ya lotsa gindin da gudumarsa.

Ranar kasuwa ya sayi sabon mudu. Gwauruwar da ya fara auna wa ta ɗaga ƙullinta, ta yi murmushi.

"Baba, yau accarka ta yi nauyi."