Baƙar Tukunya Ranar Gayya

Dogara, ɗana, zo ka zauna nan, ko da za ka ce tsohuwa ta tare ka a ƙofar majami'a. Na ga takardar masu wa'azin wannan wata da ka liƙa. Lahadi huɗu, sunan mutum ɗaya, baƙon nan mai zaƙin murya. Shi kuwa tsohon malaminmu, ko addu'ar ranar Laraba ba ku bar masa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in baƙon ya hau bagadi kowa rufe Littafinsa yake yi, ana ta "Amin" tun bai gama buɗe baki ba. In malam ne kuwa, sai ku bi shi aya-aya kuna jiran inda zai yi tuntuɓe. To, bari in ba ka wani misali.

A wani ƙauye an yi mata biyu masu ginin tukwane. Ɗaya tukwanenta jajaye ne sumul, da zane a wuya, ga ta da bakin ciniki. Ɗayar tsohuwa ce marar yawan magana, tukwanenta baƙaƙe ƙirin, wasu har bakinsu a karkace. Ka dai san al'ada, ba a sayen tukunya sai an ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. In ta gasu za ta amsa garau, in kuwa wuta ba ta ratsa ta ba, sai ka ji muryarta a dushe. To, mutanen garin nan son mai jajayen tukwane ya rufe musu ido, har ƙwanƙwasa kayanta ya zama rashin kunya. Na tsohuwa kaɗai ake ƙwanƙwasawa, ana juyawa, ana taɓe baki. Da mai farin jinin ta ga masu saye sun yi mata yawa, kuma ba mai dubawa, sai ta fara janye tukwane daga wuta tun ba su gasu ba. Ba muguwa ba ce, masoyanta ne suka lalata ta.

Ana nan damina ta kankama. Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata gona guda, ciyawa tana neman cinye mata gero. Ta kira gayya, maza arba'in suka amsa za su zo. Ka san gayya kuwa da ciki take tafiya: in rana ta take abinci bai iso ba, kowa zai saɓa fartanyarsa ya kama hanya, ita kuma ta yi asarar abincin shekara. Ta tafi kasuwa neman babbar tukunya. Ta ɗauki wata ja mai kyau a wurin mai farin jinin, ta ƙwanƙwasa. Nan take 'yan kasuwa suka yi mata caa, wai ita wace ce da za ta gwada kayan gwana. Ita dai kunnenta ya ji murya a dushe. Ta ajiye, ta je wurin tsohuwa, ta ƙwanƙwasa wata baƙa mai karkataccen baki, ta ji ta amsa garau. Ita ta ɗauka a ka, ana yi mata dariya har gida.

Ranar gayya maƙwabta suka zo taya ta girki, kowace da sabuwar jar tukunyarta, rabi taimako rabi nuna kaya. Aka jera murhu bakwai a wani fili kusa da gonar, aka tura baƙar can gefe don kada ta ɓata layi. Ruwa na fara tafasa sai aka ji fas! Ta farko ta tsage, ruwa ya kashe wutar. Kafin a gama salati ta biyu ta bi ta. Hantsi bai gama ɗagawa ba, jajayen nan shida duk sun zama kasake, mata sun yi cirko-cirko cikin toka da hayaƙi. Baƙar kuwa tana gefenta tana ta tafasa abinta. Matar nan ta ɗaura ɗamara, ta dama kunu a ciki ta juye, ta tuƙa tuwo ta kwashe, ta sake tuƙa wani. Rana na takewa ƙore suka isa gona. Maza suka ci suka yi nak, mai ganga ya ƙara wuta, kafin la'asar ba sauran ciyawa ko ɗaya. Matan da suka yi mata dariya su ne suka rako ta gida da guɗa, suna rigimar wadda za ta ɗauko baƙar tukunya. Kai, ina ma a ce ina wurin! Ranar kasuwa ta gaba ba abin da kake ji sai ƙwas-ƙwas ta ko'ina. Ita ma gwanar da hannunta ta ƙwanƙwasa kayanta tun a gida, ta farfasa ɗanyun, ta koma ta riƙa barin wuta ta gama aikinta.

Saboda haka, ɗana, ban ce ka kori baƙo ba, mai yiwuwa tasa tukunyar ma ta gasu. Amma ku buɗe Littafi ku ƙwanƙwasa kowa, mai zaƙin murya da mai rawar murya, kuma ka je ka mayar da sunan malam a takardar nan tun yau. Ranar ciwo da ranar makoki suna zuwa wa kowane gida, a nan ake ɗora abin da aka ji a kan wuta, a ga wanda zai jure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.